Ma'anonin "Up" a Bayan Aikatau na Ingilishi da Takwarorinsu a Hausa

1.0 GABATARWA

Duk ɗalibin Hausa da aka taɓa ba shi aikin fassara daga Ingilishi ya san cewa ba dogayen kalmomi ne suka fi ba da wahala ba. Doguwar kalma, komai tsawonta, in an buɗe ƙamus za a tarar da ita zaune wuri guda tare da ma'anarta. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen 'yan gajerun kalmomin nan da ɗan firamare ma ya sani, waɗanda kowace a cikinsu sananniya ce, amma da zarar sun haɗu sai su haifi wata ma'ana ta uku wadda ba ta yi kama da iyayenta ba. Alal misali, "give" bayarwa ce, "up" kuwa sama, amma wanda ya yi "give up" bai ba da komai sama ba: ko dai ya daina, ko ya haƙura, ko ya miƙa wuya, ko kuma ya fid da rai.

Irin wannan haɗin shi ne masana nahawun Ingilishi ke kira "phrasal verb". A wannan maƙala za mu kira shi aikatau mai rakiya, ita kuwa ƙaramar kalmar da ke bin sa mu kira ta 'yar rakiya. Manufar maƙalar ita ce ta ɗauki 'yar rakiya guda ɗaya, watau "up", ta bi diddigin ma'anonin da take haifarwa, sa'an nan ta nuna cewa ma'anonin nan ba a warwatse suke ba kamar yadda akan zata, kuma Hausa na da hanyoyinta na bayyana mafi yawansu a cikin ƙirar aikatau ɗinta.

2.0 YADDA AKE GANE AIKATAU MAI RAKIYA

Ba duk inda aka ga "up" a bayan aikatau ba ne za a ce an sami aikatau mai rakiya. Mu dubi waɗannan jimloli biyu:

(1) He ran up the hill.
Ya hau tudun a guje.

(2) He ran up a big bill.
Ya tara wa kansa bashi mai yawa.

A ido jimlolin kamarsu ɗaya, amma kama da wane ba ta wane. A jimla ta (1) "up" tana tare da sunan da ke gabanta ne, tana nuna inda aka nufa. A ta (2) kuwa tana tare da aikatau ɗin da ke bayanta, su biyun sun zama abu guda mai ma'anar tarawa. Akwai hanyoyi uku na rarrabe su.

Hanya ta farko ita ce gusar da 'yar rakiya zuwa bayan karɓau. Ana iya cewa "He ran a big bill up", amma ba a cewa "He ran the hill up". Hanya ta biyu ita ce sanya wakilin suna a gurbin karɓau. In aikatau mai rakiya ne, tilas wakilin sunan ya shiga tsakani, watau a ce "He ran it up". In kuwa ba shi ba ne, sai wakilin sunan ya koma ƙarshe, a ce "He ran up it". Hanya ta uku ta kunne ce: in 'yar rakiya ta zo a ƙarshen jimla, a kanta nauyin furuci yakan faɗa.

Wannan ka'ida ta wakilin suna tana da muhimmanci ga mai koyo, domin babu irinta a Hausa. Shi ya sa akan ji ɗalibi ya ce "pick up it" a inda Bature zai ce "pick it up".

3.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Wannan salo gādo ne da Ingilishi ya yi tarayya a kansa da danginsa, kamar Jamusanci. A Jamusanci kalmar tashi ita ce "aufstehen", amma in mutum zai ce yana tashi sai ya raba ta biyu, ya ce "ich stehe auf", ɓangaren da ke nufin sama ya koma ƙarshe. A tsohon Ingilishi, irin wanda aka yi kafin wajen shekara ta 1100, waɗannan ƙananan kalmomi sukan zo a gaban aikatau. Daga baya ne suka sami mazauni a bayansa. Har yanzu akwai sauran tsohon tsarin a kalmomi irin su "uphold" da "upset", kuma ya kamata a lura cewa ma'anarsu ta sha bamban da ta "hold up" da "set up". "Uphold" tabbatar da hukunci ne ko ɗaukaka doka, "upset" kuwa kifarwa ce ko ɓata rai.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci, sa'an nan na Latin, suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Wannan ya sa ma'ana guda takan sami kalmomi biyu, ɗaya ta gida, ɗaya ta aro: "give up" da "surrender", "go up" da "ascend", "put up with" da "tolerate". Ta gida ita ce ta hira da kasuwa, ta aro kuwa ta fi yawa a littattafan ilimi da takardun hukuma.

Tun a 1755 Samuel Johnson ya yi nuni a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi na daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙon harshen. Sunan "phrasal verb" kuwa ya fito a bugu ne a 1925, a wani littafi na Logan Pearsall Smith, wanda ya ce daga Henry Bradley, ɗaya daga editocin babban ƙamus na Oxford, ya samo shi. A 1971 Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kan batun. A 2007 kuma Dee Gardner da Mark Davies suka ƙidaya irin waɗannan aikatau a cikin wata taskar rubutu da magana ta Ingilishin Birtaniya mai kalmomi kimanin miliyan 100. Sun gano cewa guda 100 kacal su ne suka ɗauki fiye da rabin duk wuraren da aka yi amfani da aikatau mai rakiya, amma waɗannan 100 ɗin suna iya ɗaukar ma'anoni har 559. Ke nan wahalar ba ta yawan kalmomi ba ce, ta yawan ma'ana ce.

4.0 MA'ANONIN "UP"

4.1 Nufar sama

Wannan ita ce ma'anar asali, kuma daga gare ta sauran suka tsiro. Misalanta su ne "stand up", miƙewa tsaye. "Sit up", tashi zaune. "Lift up", ɗagawa. "Pick up", ɗaukar abu daga ƙasa. "Look up", ɗaga kai a dubi sama. Abin lura shi ne, a Hausa aikatau kansa ya riga ya ƙunshi ma'anar saman. In an ce "miƙe" ko "ɗaga" ko "hau" an gama magana, ƙara kalmar "sama" a kansu sau da yawa maimaici ne, kuma yana daga cikin alamomin da ake gane ɗanyar fassara da su.

4.2 Ƙaruwa

In ana zuba hatsi a buhu, gwargwadon yawansa gwargwadon hawansa. Daga wannan abin da ido ke gani kullum ne sama ta zama alamar yawa. George Lakoff da Mark Johnson sun yi bayanin wannan a littafinsu na 1980, inda suka nuna cewa mai magana da Ingilishi yana kallon ƙaruwa a matsayin hawa, raguwa kuma a matsayin sauka. Misali:

(3) The price of rice has gone up.
Farashin shinkafa ya tashi.

(4) Speak up.
Ɗaga murya.

(5) Turn up the radio.
Ƙara muryar rediyon.

Haka kuma "speed up", ƙara sauri. "Warm up", ɗumama. "Grow up", girma. A nan harsunan biyu sun yi canjaras, domin mu ma muna cewa kaya sun hau, ko farashi ya yi tashin gwauron zabo, ko kuwa ya faɗi.

Amma akwai wurin da suka raba gari. Bature na cewa "cheer up" in yana son mutum ya saki ransa, domin a wurinsa farin ciki ma hawa ne. Bahaushe kuwa ya fi auna jin daɗi da launi da sanyi da kwanciya: farin ciki, sanyin rai, kwanciyar hankali. In aka ce hankalin mutum ya tashi, to, ba alheri ba ne. Wanda ya fassara "cheer up" da wata kalma ta tashi zai iya faɗin kishiyar abin da ake nufi. Inda tashin hankalinmu ya dace da "up" shi ne a "stir up", kamar a "stir up trouble", ta da fitina, wanda kishiyarsa ita ce "calm down", kwantar da hankali.

4.3 Bayyana da samuwa

Abin da ke binne a ƙasa ko nutse a ruwa ba a ganin sa sai ya yo sama. Saboda haka "up" ta sami ma'anar fitowa fili:

(6) A problem has come up.
Wata matsala ta taso.

(7) He turned up after three days.
Ya ɓullo bayan kwana uku.

(8) They dug up an old quarrel.
Sun tono tsohuwar rigima.

(9) Look the word up.
Nemo kalmar a ƙamus.

Mai karatu zai lura cewa dukkan aikatau na Hausa a waɗannan jimloli sun ƙare da wasalin -o: taso, ɓullo, tono, nemo. Bisa tsarin F. W. Parsons na 1960, wanda ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai, waɗannan 'yan giredi na shida ne, masu nuna aikin da ya nufo wajen mai magana. Bature yana ganin abin ya hau zuwa inda ido zai kai gare shi, Bahaushe yana ganin ya nufo shi; hanya daban, masauki ɗaya.

Daga bayyana sai aka zarce zuwa samar da abin da babu shi a da. "Set up" kafawa ce, kamar kafa kwamiti. "Draw up" tsarawa ce, kamar tsara yarjejeniya. "Make up a story" ƙaga labari ne. "Bring up a matter" kuwa ɗauko magana ce a gaban taro.

4.4 Kusantowa da cimmawa

Abin da ke matsowa kusa yakan ƙara girma a ido, kamar yana hawa. Wannan na iya zama dalilin da ya sa ake cewa "He walked up to me", watau ya tako har gabana, ko da a shimfiɗaɗɗen fili ake. A wannan rukuni ne ake samun "catch up with", cim ma wanda ya yi gaba ko kamo shi. "Keep up with", tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da an bar mutum a baya ba. Da "live up to", cika abin da ake zato daga mutum. Ma'anar da ta haɗa su ita ce kaiwa ga wata iyaka ko wani mizani.

4.5 Kammalawa da ƙarewa ƙaf

Wannan ita ce ma'anar da ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta fi dacewa da nazarinmu. In ana cika tulu, ruwa yana hawa ne har ya kai baki, in ya kai baki aiki ya ƙare. Ta haka "up" ta zama alamar aikin da aka kai shi maƙura. Mu kwatanta:

(10) He ate the food.
Ya ci abincin.

(11) He ate up the food.
Ya cinye abincin.

(12) The traders bought the millet.
'Yan kasuwa sun sayi geron.

(13) The traders bought up the millet.
'Yan kasuwa sun saye geron.

A jimla ta (10) mai yiwuwa ne akwai saura a kwano, a ta (11) kuwa ko loma ba ta rage ba. A ta (12) ciniki ne kawai aka yi, a ta (13) kuwa talaka zai je kasuwa ya rasa ko mudu guda. Bambancin da Ingilishi ya nuna da ƙarin kalma, Hausa ta nuna shi da sauya ƙarshen aikatau, watau ta mai da shi giredi na huɗu, mai ƙarewa da -e, wanda masana suka bayyana da cewa yana nuna aiki ya game abin da aka yi wa shi baki ɗaya. Ga ƙarin misalai:

drink: sha, drink up: shanye
burn: ƙona, burn up: ƙone
fill: cika, fill up: cike
sweep: shara, sweep up: share
dry up: ƙafe, kamar yadda rijiya ke yi da rani

Inda aikatau na Hausa bai ba da damar wannan sauyi ba, sai a nemi taimakon amsa-kama irin su ƙaf, kakaf, tas, sarai, ƙurmus. "Use up the money" shi ne kashe kuɗin ƙaf. "Clean up the room" shi ne gyara ɗakin tas. A wannan rukuni har wa yau akwai "sum up", taƙaita bayani a ƙarshe, da "end up", wanda ke nuna inda al'amari ya ƙare, kamar a ce "He ended up in prison", ƙarshenta dai gidan yari ya kwana.

4.6 Rufewa da ɗaurewa

Reshe ne na ma'anar da ta gabata, domin abin da aka rufe ruf an kai aikinsa ƙarshe. Misalai su ne "tie up", ɗaure. "Lock up", kulle. "Block up", toshe. "Sew up", ɗinke. "Wrap up", naɗe ko ƙunshe. Dukkan waɗannan aikatau na Hausa 'yan giredi na huɗu ne. Bambancin da ke tsakanin "ɗinka riga" da "ɗinke ɓaraka" ya yi kusa ƙwarai da wanda ke tsakanin "sew a gown" da "sew up a tear". A nan ne kuma "shut up" ta faɗo, wadda umarni ne mai kaushi na rufe baki, ba irin wanda ƙarami zai faɗa wa babba ba.

4.7 Ɗaiɗaitawa

Wani lokaci kai aiki maƙura yana nufin a maimaita shi har abin ya zama gutsattsari. A nan Hausa takan bar giredi na huɗu ta koma ga ninka gaɓar farko ta aikatau:

(14) She tore the letter.
Ta keta wasiƙar.

(15) She tore up the letter.
Ta kekketa wasiƙar.

Wasiƙar jimla ta (14) tana karantuwa, ta (15) kuwa sai dai a share. Haka "cut up the meat", yayyanka naman. "Chop up", daddatsa. "Divide up", rarraba. "Smash up", farfasa. In abin da ya ɗaiɗaice taro ne ko aure ko abota, sai a ce "break up" ko "split up", watau watsewa ko rabuwa.

4.8 Tarawa da haɗawa

Abin mamaki, 'yar rakiyar da ta nuna ɗaiɗaitawa ita ce kuma ke nuna tarawa. Dalili shi ne abin da aka tara yakan yi tsibi, tsibi kuwa hawa yake yi. Misalai: "pile up", jibgewa, "save up", tara kuɗi a hankali, "add up", haɗa lissafi, "gather up", tattarawa, "line up", jeruwa, "team up", haɗa kai. Saboda haka masoya biyu suna iya yin "break up" yau, su rabu, gobe su yi "make up", su shirya, duk da kalma guda. Wannan ya nuna cewa 'yar rakiya ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Sai an duba irin aikatau ɗin da ta raka.

4.9 Waɗanda asalinsu ya ɓoye

Bayan waɗannan rukunoni takwas akwai sauran da ma'anarsu ta yi nisa da asali har ba a iya hango ta daga kalmomin. Irin su ne "put up with", jurewa. "Own up", amsa laifi. "Bring up a child", reno da tarbiyya. "Throw up", amai. "Stand someone up", saɓa alkawarin haɗuwa a bar mutum yana jira. Wasu in aka tona akan sami dalili. "Hang up", kashe waya, ta samo asali ne daga tsofaffin wayoyin da ake kafawa a bango, waɗanda in an gama magana ake rataye abin sauraren a jikin ƙugiya, layin ya yanke. Ƙugiyar ta tafi, kalmar ta zauna, har mai wayar hannu ma da ita yake amfani. Irin waɗannan babu makawa sai an koye su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake koyon karin magana.

5.0 IYAKAR KWATANCIN

Kada a ɗauka cewa duk inda aka ga "up" sai a kawo giredi na huɗu, ko duk giredi na huɗu "up" ce takwararsa. Akwai dalilai uku da suka hana haka.

Na farko, giredi na huɗu yana da wasu ayyukan ban da nuna kammalawa. Yakan nuna rabuwa ko kawarwa, kamar a ƙwace, goge, janye, tsere, waɗanda a Ingilishi suka fi tafiya da "away" ko "off" ko "out". Yakan kuma zama ƙi-karɓau, kamar a fashe, karye, zube.

Na biyu, shi kansa Ingilishi ba ya tafiya bisa ka'ida guda. "Up" da "down" kishiyoyi ne, amma "slow up" da "slow down" duk rage sauri suke nufi. Gida yakan yi "burn down", takarda kuwa "burn up", alhali a Hausa duka biyun ƙonewa suka yi. Har ma tsakanin ƙasa da ƙasa akan sami saɓani: "wash up" a Ingila wanke-wanken kwanuka ne, a Amurka kuwa wanke hannu da fuska.

Na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne aikatau mai rakiya guda yakan shiga rukunoni da dama. Mu ɗauki "pick up":

(16) He picked up a coin.
Ya tsinci kwabo.

(17) I will pick you up at the station.
Zan zo in ɗauke ka a tasha.

(18) She picked up Yoruba in Ibadan.
Ta tsinci Yarabanci a Ibadan, watau ta iya shi ta hanyar cuɗanya.

(19) Trade is picking up.
Kasuwa tana farfaɗowa.

(20) The police picked him up.
'Yan sanda sun kama shi.

Haka "make up" take: ƙaga labari, shiryawa bayan saɓani, yin kwalliya, haɗuwa a zama abu guda, in an ƙara mata "for" ta zama ramawa ko cike gurbi, in an ce "make up your mind" kuma ta zama yanke shawara. Abin da ke fayyace ma'ana a kowane hali shi ne irin aikau da irin karɓau: mutum ne ko abu, mai rai ne ko maras rai.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba, domin mu ma muna da irinsa. Baƙon da ya koyi cewa "ci" na abinci ne, yaya zai yi in ya ji ci gaba, ci amana, ci bashi, ci jarrabawa, ci mutunci, ci kasuwa? Ko kuwa sa hannu, sa baki, sa ido, sa rai, sa kai? Bambancin kawai shi ne, Hausa takan haɗa aikatau da suna, sau da yawa sunan wata gaɓa ta jiki, Ingilishi kuwa yakan haɗa shi da kalmar da ke nuna jiha.

6.0 AMFANIN WANNAN GA FASSARA DA KOYARWA

Wannan batu bai tsaya a aji ba. Yawancin labaran da gidajen rediyo da jaridun Hausa ke bayarwa daga Ingilishi ake juyo su, cikin gaggawa kuma, masu rubuta kanun labarai na Ingilishi kuwa suna son aikatau mai rakiya saboda gajartarsa. In labari ya ce "Armed men held up a bus", ba ɗaga motar aka yi ba, tare ta aka yi aka yi fashi. In ya ce "The meeting was held up", jinkiri aka samu. In kuma ya ce "The evidence held up in court", to, shaidar ta tsayu, ba a rushe ta ba. Kalmomi biyu ne ba su sauya ba, labari uku.

A kotu abin ya fi haka nauyi, domin a bakin tafinta haƙƙin mutum yake. "He gave himself up" na nufin ya miƙa kansa ga hukuma, abin da alƙali zai iya dubawa ya sassauta. "He gave up" kuwa haƙura kawai ya yi. "He set up a shop" kafa kanti ne, amma "He set me up" na nufin ya ƙulla mini sharri. Tafintan da ya kuskure ɗaya daga waɗannan ya sauya shari'a ba tare da ya sani ba.

Ta fuskar koyarwa, hanyar da aka saba ita ce a jera wa ɗalibi aikatau guda tare da 'yan rakiyarsa, "give in", "give off", "give out", "give up", a ce ya haddace. Wannan yana sa ɗalibi ya ɗauka cewa babu wani tsari a ciki, ƙarshenta ya gudu daga gare su ya fake a bayan dogayen kalmomin Latin, ya riƙa hira kamar mai karanta takardar hukuma. Wani kuma yakan yar da 'yar rakiyar inda ake bukatarta, ya ce "pick" a maimakon "pick up", ko ya ƙara ta inda ba gurbinta ba, ya ce "cope up with" a maimakon "cope with". Duka biyun sun yaɗu a Ingilishin Nijeriya, ana kuma fahimtar su a hira, amma mai duba takardar jarrabawa yakan ja musu layi.

Shawarar da wannan nazari ke bayarwa ita ce a juya jerin, a fara da 'yar rakiya, a karkasa ma'anoninta, sa'an nan a fara kowane rukuni daga abin da ɗalibi ya riga ya sani a harshensa. Yaron da ya san bambancin "sha" da "shanye" tun yana goye ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane "drink" da "drink up". Ga mai fassara kuwa, tambayoyi uku za su taimaka kafin ya ɗora alƙalami. Shin "up" ɗin tana tare da aikatau ne ko da sunan da ke gabanta? In tana tare da aikatau, wane rukuni ta faɗa? Sa'an nan, wace hanya Hausa ta tanada domin wannan ma'ana: giredi na huɗu, ko na shida, ko ninki, ko amsa-kama, ko kuwa wani aikatau daban?

7.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa ma'anonin "up" a bayan aikatau na Ingilishi sun taso ne daga tushe guda, watau nufar sama, suka yi rassa zuwa ƙaruwa, bayyana, kusantowa, kammalawa, rufewa, ɗaiɗaitawa da tarawa, ban da 'yan kaɗan da asalinsu ya ɓoye. An kuma nuna cewa abin da Ingilishi ke yi da ƙarin kalma, Hausa takan yi shi a cikin jikin aikatau, musamman ta giredi na huɗu da na shida da kuma ninki, ko da yake dacewar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba.

Saura aiki a kan sauran 'yan rakiyar. "Out" da "away", alal misali, sun cancanci a gwada su da giredi na biyar, irin su fitar da, zubar da, sayar da, masu nuna aikin da ya yi nesa da mai yin sa. In 'yan'uwa ɗalibai suka ɗauki ɗaya-ɗaya suka bi ta wannan hanya, za a iya tattara sakamakon ya zama ɗan jagora ga masu fassara, wanda aka gina shi a kan nahawun Hausa tun daga tushe.